Maigidana ya ce zai sa sunana a maƙalun da ban rubuta ba

Assalamu alaikum Anti,

Ni malama ce a wata jami'a a nan Kumasi. Ni da maigidana aikinmu ɗaya, shekara ɗaya aka ɗauke mu, kusan lokaci ɗaya muka gama digiri na uku, shi a tattalin arzikin noma, ni a kimiyyar abinci mai gina jiki. Da korona ta shigo ina da yara uku, autan yana nono. Yarinyar da ke taya ni aiki ta tafi garinsu a arewa ba ta dawo ba. Muka kuma ɗauko mahaifiyarsa daga Aboabo, don tana da ciwon suga, gidan da take ciki kuwa cunkushe yake da 'yan haya. Binciken da na fara kan abincin 'ya'yan kayayo, mata masu dakon kaya, a kasuwar Kejetia ya tsaya ina tsakiyar tattara bayanai. Shi kuwa ya mai da ɗakin baƙi ofis, yana shiga bayan asuba, sai azahar a gan shi. Yau ya zama siniya lakcara, har yana haɗa takardun neman mataki na gaba. Ni ina nan inda korona ta same ni, maƙala biyu suka rage mini in cika abin da ake nema.

Kwanan baya na yi masa kuka, sai ya ce in kwantar da hankalina, yana da maƙalu biyu da zai tura, zai sa sunana a ciki, ai gida ɗaya ne. Mma, mahaifiyata, ta ce in karɓa in gode wa Allah, ba kowace mace ke samun miji irin wannan ba. Ni dai zuciyata ta ƙi. Kuma Anti, in ana taya shi murna sai in ji wani abu ya tokare mini a ƙirji. Hassada nake yi wa mijina? Ko ragwanci ne ya kama ni nake fakewa da korona? In karɓa ko in bari?

Malama, daga Asokore Mampong

Wa alaikumus salam Dakta,

Ki bari, kada ki karɓa. Amma kafin in faɗa miki dalili, bari in cire miki maganar ragwancin nan daga rai, domin ita ce ta fi yi miki ɓarna. Macen da ta yarda cewa ita raguwa ce, duk abin da aka miƙo mata hannu biyu take sawa ta karɓa.

In kika tambayi mazan sashenku yau, da yawansu za su ce ai kullen Ghana bai daɗe ba. Ta wani ɓangaren gaskiyarsu ne. Dokar kulle a Accra da Kumasi ta fara ranar 30 ga Maris 2020, aka ɗage ta 20 ga Afrilu, mako uku ke nan. Amma makarantu tun 16 ga Maris aka rufe su, kwana huɗu bayan an tabbatar da mutum biyu na farko da suka kamu, kuma 'yan nazare da firamare ba su koma aji ba sai tsakiyar Janairu 2021. Wata goma cur. A watannin farko har Islamiyyar da kan ɗauke miki su Asabar da Lahadi a rufe take, masallatai ma sai farkon Yuni aka buɗe. Wanda ba shi ke da yara a hannu ba, mako uku yake tunawa. Ke wata goma kika yi, kuma irin masu tuna mako ukun ne suka fi yawa a kwamitocin da ke duba takardun ƙarin girma.

Ki ɗauki rana ɗaya daga azumin shekarar, wanda ya kama a ƙarshen Afrilu. Kin tashi girkin sahur kowa na barci. Gari ya waye kin soki yatsar Hajiya kin auna suga, kin dama mata koko marar sukari, kin cika bokitin Veronica da ke bakin ƙofa. Bokitin nan ma wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana ce, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro shi shekaru da dama kafin korona, amma mutum nawa suka san haka a cikin masu wanke hannu da shi? Kin zaunar da babbar gaban talabijin ana darasi, na tsakiyan ya ƙi zama, auta na goye. Kin buɗe Zoom a kan teburin cin abinci, rabin ajin bai shigo ba, suna ta turo saƙo ta WhatsApp: Madam data ta ƙare, Madam ba netuwok a ƙauyenmu. Dole da dare ki sake naɗar darasin da murya ki tura musu. La'asar ta yi, hankali ya koma kan buɗa baki. A ina maƙala za ta shiga a wannan ranar?

Koyarwa da duba takardun jarrabawa ana iya yin su guntu-guntu, da yaro a baya, waya a kunne. Rubutun bincike kuwa kamar tuƙin tuwo yake, in kika saki muciya kika je kika dawo, gudaji za ki tarar. Yana son awa uku ko huɗu a jere ba wanda ya kira sunanki. Wannan ne maigidanki ya samu kullum, ke kuma ba ki samu ba ko sau ɗaya a mako.

Kuma abin bai tsaya a gidanku ba. A watan Afrilu 2020, Kyle Myers na jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun tambayi masu bincike kimanin 4,500 a Amurka da Turai yadda lokacinsu ya koma. Matsakaicin aikin mako ya sauko daga awa 61 zuwa 54, lokacin bincike ne kuma ya fi shan kashi, ya ragu da kusan kashi 24 cikin 100. Sai dai asarar ba ta faɗa wa kowa daidai ba. Mai yaro ɗan shekara biyar ko ƙasa da haka, tasa ta ɗara ta sauran da kashi 17, ta mata kuma ta ɗara ta maza da kashi 5. Fanni ma ya yi tasiri: masu aiki a ɗakin gwaji sun rasa kashi 30 zuwa 40 na lokacinsu, masu lissafi da ƙididdiga da tattalin arziki su suka fi tsira, don kayan aikinsu na cikin kwamfuta. Ki duba gidanku da wannan idon. Shi alƙalumansa suna kan tebur, ke kuwa sai kin shiga kasuwa kin sa tef a damtsen yaro, kin ɗora shi a sikeli, kin zauna da uwarsa kin tambaye ta abin da ya ci jiya. Ke mace ce, ga jariri, ga majinyaciya, ga binciken da ba ya yiwuwa sai an taɓa mutane, a lokacin da aka hana ko musabaha.

A daidai lokacin kuma mujallu suka cika maƙil. Flaminio Squazzoni na jami'ar Milan da abokansa sun duba mujallu 2,329 na kamfanin Elsevier, suka tarar maƙalun da aka tura tsakanin Fabrairu da Mayu 2020 sun ƙaru da kashi 30 a kan na irin watannin a 2019, amma kason mata a ƙaruwar bai kai na maza ba, musamman mata masu ƙananan shekaru. Wato ga wasu, annobar hutun rubutu ce da ba su taɓa samun irinta ba, ba taro, ba tafiya, ba cunkoson hanya. In kin ce wannan maganar Turawa ce, a Afirka ta Kudu an tambayi malamai mata 2,029 daga jami'o'in gwamnati 26 na ƙasar, aka samu cewa abin da ya fi komai durƙusar da bincikensu shi ne ƙananan yara a gida.

Za ki ce, to Anti, ai korona ta wuce, me ya sa har yau ban farfaɗo ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 5 ga Mayu 2023 ta ce ba ta cikin halin gaggawa. Kin fi ni sanin amsar. Kafin maƙala ta fito sai an nemi izinin kwamitin ɗa'a, a tara bayanai, a yi nazari, a rubuta, a tura, masu bita su riƙe ta watanni su dawo da ita da gyara, wani lokaci a ƙi ta a koma wata mujallar. Shekara biyu, uku sun tafi. Myers da abokan aikinsa sun sake tambaya a Janairu 2021, suka ga awannin aiki sun kusa komawa yadda suke, amma sababbin ayyukan da aka fara sun ragu ƙwarai, kuma mata da masu ƙananan yara abin ya fi taɓawa. Aikin da ba a fara a 2020 ba, giɓinsa sai bayan shekaru yake bayyana a takardar mutum. Giɓin da kike kallo ke nan. Ga shi da aka buɗe jami'o'i sai aka shiga gudun cike zangunan da aka rasa, ga yajin aikin UTAG, ƙungiyar malaman jami'o'in Ghana, na 2021 da na farkon 2022 ya sake hargitsa kalanda. Wa ya sami sararin numfashi?

Maganar hassada gajeriya ce. In aka ce gobe za a sauke shi daga matsayinsa, za ki ji daɗi? Na san ba za ki ji ba. Abin da ke tokare ki shi ne kin san ƙofar ɗakin baƙin nan ba da kanta ta zauna a rufe daga asuba zuwa azahar ba. Akwai wadda ta tsaya a bayanta tana cewa ku yi shiru Babanku na aiki, tana kai mahaifiyarsa asibiti, tana ajiye masa abinci a rufe. Ana taya shi murna ba a ko waiwayo ki. Duk mai rai zai ji wannan. Ki daina yin istigfari a kan zunubin da ba ki yi ba.

Ban ce maigidanki mugu ne ba. Ya ga hawayenki ya miƙo abin da ya fi kusa da hannunsa. Na ma fi zaton tayin nasa wata hanya ce ta amsa cewa akwai bashi a kansa, ba tare da ya furta ba, don mazanmu furtawar ce ke yi musu nauyi. Matsalar ita ce abin da ya miƙo ba ya rage shi da komai. Layi ɗaya ne a shafin farko. Ranar da kika karɓa, a wurinsa an rufe lissafi, Asabar mai zuwa kuma yana ɗakin baƙi kina falo.

Ga kuma abin da zuciyarki ta riga ta faɗa miki. Allah ya zargi masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba, a Suratu Ali Imrana, aya ta 188. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya ne. Ƙarin girma albashi ne, Dakta, kuma da shi za ki ciyar da yaran nan. Dokar sana'arku ma ba ta bar ƙofa ba. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, wanda mujallun fanninki da yawa ke bin ƙa'idarsa, ya ce ba a sa sunan mutum sai yana da hannu na gaske a tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta ko ya yi gyara mai zurfi, ya amince da sigar ƙarshe, ya kuma yarda a tuhume shi a kan duk abin da ke ciki. Mujallu da yawa yanzu sai an rubuta musu abin da kowane marubuci ya yi. Me zai rubuta a gaban sunanki? In aka tarar da kuskure a lissafinsa aka janye maƙalar, za ki iya tsayawa ki kare jadawalin da ba ki taɓa buɗewa ba?

Ko da a ce mun ajiye halal da haram gefe, cinikin ba riba. Takardunki za su je hannun masu tantancewa na waje, farfesoshin fanninki. Za su ga malamar abinci mai gina jiki ta ɓulla kwatsam a maƙalu biyu na tattalin arzikin noma, a bayan sunan mutum ɗaya, ana gab da neman ƙarin girma. Ba yau suka fara ganin irin wannan ba. Heather Sarsons ta bibiyi takardun malaman tattalin arziki a Amurka, ta gano cewa namiji ko shi kaɗai ya rubuta ko da wasu, ladansa kusan ɗaya ne wurin tabbatar da shi a aiki, mace kuwa in ta rubuta da namiji, shi ake ba kaso mafi tsoka. A fanninsu ana jera sunaye bisa harafi, shi ya sa abin ya fi muni a can, amma ki lura, matan da ta bibiya sun yi aikin da gaske, kuma abokan aiki ne kawai ba mazajensu ba. Ina ga ke?

Sannan Kumasi ce fa. Maganar da aka yi a ofishin sashe da safe, kafin isha'i ta kai Aboabo. Da zarar an ce ai mijinta ne ke rubuta mata, ba maƙalu biyun nan kaɗai za ta shafa ba, har waɗanda kika yi gumi a kansu tun kafin korona za ta haɗa, kuma za ta bi ki har kujerar farfesa. Zaman aure kuma ba kullum ake dariya ba. Kada ki ajiye wa mutum, ko da mutumin kirki ne, kalmar da zai iya jefo miki ranar ɓacin rai.

Abin da za ki nema a wurinsa shi ne abin da aka ɗauka daga wurinki, wato lokaci. Ki samu ranar da ba gajiya, ba a gaban Hajiya ba, ba a gaban yara ba. Ki fara da godiya, don niyyarsa ta cancanci godiya. Sannan ki ce: Malam, na san don ka share mini hawaye ka yi tayin nan, Allah ya saka. Amma ba suna na rasa ba. Daga Maris 2020 zuwa Janairu 2021 kai kana ɗaki ni ina falo, ban kuma yi da-na-sani ba. Yanzu ina son mu yi musaya na zangon karatu biyu.

Kada ki bar maganar a zan taimaka miki in sha Allahu. Wannan alkawari ba ya kai mako biyu. A yanke ta da rana da awa. Asabar daga bayan asuba zuwa la'asar taki ce, ke da makullin ɗakin baƙi, ko ma ki fice zuwa ofis in yaran ba za su bar ƙofar ba. Safiya biyu a cikin mako shi zai kai su makaranta ya ɗauko. Ranar asibitin Hajiya tasa ce, ko ta 'yan'uwansa mata da maza, don ba ke kaɗai ke neman albarkarta ba, kuma su ta haifa. In lokacin alawus ɗin littattafai da bincike ya zo, wani kaso na nasa ya tafi ga mai aikin gida da wanda zai shigar miki da bayanai a kwamfuta. Kada ki ce ya dakatar da neman matsayinsa, ba ribarki a ciki, kuma zai mai da maganar ta zama gasa. In ya ce girma ya hana shi wankan yara, ki tuna masa a hankali cewa an tambayi Nana A'isha me Annabi ke yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Shi ma ya san hadisin.

Ki kuma shirya, domin ranar farko za ki fito ki tarar an ci burodi da shayi a matsayin abincin rana, auta da riga a juye. Ki yi shiru ki koma ciki. Mata da yawa a nan suke rushe abin da suka gina, su ce gara in yi da kaina.

Akwai wani ɓarawon lokaci da ba ki ambata ba, amma duk 'yar Zango ta san shi: aure, suna, addu'a. Kowace Lahadi da inda za a je, da ankon da za a ɗinka, da wadda za ta ce tunda ta zama dakta ba ta shiga mutane. Na wata takwas ɗin nan ki zaɓa. Rasuwa da sha'anin dangi na jini ki je. Sauran ki tura gudummawa ta MoMo, ki kira ki yi barka. Za a yi magana, sannan a sami wata sabuwa a bar taki. Mma kuwa kada ki yi jayayya da ita. Abin da ta sani take faɗa, a zamaninsu mijin da zai ce zan ba ki nawa abin a ɗaga hannu a gode ne. Ki ba ta aiki maimakon hujja. Ki ce Mma, jarrabawa ce a gabana, ki riƙe mini yaran nan Lahadi biyu a wata. Za ki ga ta fi kowa tsare miki ƙofa.

A jami'a, fara da karanta kundin ƙarin girma da kanki, daga farko zuwa ƙarshe, kada ki dogara da abin da ake faɗa a ɗakin shan shayi. Ki ga yadda ake auna koyarwa da bincike da hidima, da nauyin da ake ba marubucin farko. Mai yiwuwa ki tarar suna na huɗu a maƙalar wani fanni ba zai kai ki inda kike zato ba ko da an ƙirga shi. Sannan ki je wurin shugaban sashe da takarda a hannu, ba da kuka ba, ki nemi a rage miki kwas ɗaya na zango ɗaya, ki kuma tambayi yaushe kika cancanci hutun bincike. Ki rubuta shafi ɗaya da ke bayyana abin da ya sami aikinki a 2020, da kwanan wata, ki ajiye shi don haɗawa da takardunki. Kwamitocin walwala da na shirya walima da na kula da ɗalibai mata, duk wanda ba dole ba ki ce a ɗaga miki ƙafa zuwa baɗi. Linda Babcock da abokan aikinta sun nuna tun 2017 cewa irin aikin da ba ya kai mutum gaba, mata aka fi roƙa, su ne kuma suka fi cewa to.

In maganar ta kai taron UTAG, ki yi hattara da wani gyara mai kama da adalci. A jami'o'i da yawa na Amurka an daɗe ana ƙara wa duk wanda aka yi wa haihuwa shekara ɗaya kafin a tantance shi, mace ko namiji. Da aka duba manyan sassan tattalin arziki 50, sai aka ga tsarin ya ɗaga maza ya kuma sauke mata, domin mazan da yawa rubutu suka yi da shekarar. Sassaucin da za ku nema ya bi wanda ya ɗauki rainon da jinyar. Yanzu akwai kunnen da zai ji a sama fiye da da: Farfesa Rita Akosua Dickson ta zama mace ta farko da ta shugabanci KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, a Agusta 2020, Farfesa Nana Aba Appiah Amfo ta biyo baya a Jami'ar Ghana da ke Legon a 2021, majalisa kuma ta zartar da dokar daidaita damar mata da maza a 2024. Sai dai fom ɗin ƙarin girma ba ya canzawa don mace ta hau kujera, sai an rubuta an kai, an kuma sake kaiwa.

Maƙalu biyun kuma suna hannunki, ba ki duba ba ne. Bayanan da kika tara a Kejetia kafin Maris 2020, waɗanda kike kallo a matsayin aikin da ya lalace, hoto ne na yaran nan kafin annoba, kuma ba wanda zai iya komawa baya ya ɗauke shi yanzu. Kin tuna kayayon da aka tare a Ejisu a ƙarshen Maris ɗin shekarar, a ɓoye cikin motocin kaya za su Walewale, suna gudun yunwar kulle? Mutanen bincikenki ke nan. Ki sabunta izinin ɗa'a, ki koma kasuwar, ki auna, ki kwatanta da na da. Ko kafin wannan, abin da ke cikin fayil ɗin kaɗai zai iya ba da gajeriyar maƙala in kika faɗi iyakarsa da gaskiya. Ta biyu ki nemo ta a babin kundin digirinki da ba ki taɓa bugawa ba, ko a aikin ɗalibar digiri na biyu da kika duba, ko a bayanan binciken lafiyar jama'a na 2022 da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar, waɗanda ba sa bukatar ki taka ƙafa waje. In kina son kuɗin komawa fili, ƙungiyar OWSD ta mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa tana ba da tallafin da ya kai dala 50,000 ga waɗanda ba su daɗe da gama digiri na uku ba, ki duba sharuɗɗan shekarar.

Gaggawa kada ta kai ki ga mujallun nan masu aiko imel suna kiran ki babbar farfesa, su buga maƙala cikin mako biyu in an biya. Wannan ramin ya fi na maigidanki zurfi. Ki duba sunan mujalla a rumbunan da ke jera mujallun bincike, irin su Scopus ko DOAJ ko AJOL, ki kuma tambayi ma'aikacin laburare ko jami'arku na ƙirga ta, kafin ki tura.

Ban hana ku rubutu tare ba har abada. Farashin abinci a kasuwa da abin da ke shiga cikin yaro ai magana ɗaya ce, fanninsa da naki sun haɗu a nan. In kin haye wannan matakin da aikinki, ku zauna ku tsara bincike tun daga tushe, bayananki da lissafinsa, sunanki a farko. A maƙalunsa na yanzu kuwa, in yana son ya ambace ki, akwai sashen godiya a ƙarshe.

In ya ƙi musayar, ko ya amsa ya kasa cikawa, kada ki kai ƙara wurin Mma ko Hajiya, za ta zama maganar dangi. Ki nemi babba ɗaya da yake jin nauyinsa kuma ya san aikin jami'a, malaminsa na da ko wani dattijon farfesa, ya zaunar da shi. Kafin nan ki ɗauki mai aiki da alawus ɗinki, ki riƙe Asabar ɗin ko da rabinta ne. Zai fi jinkiri, amma zai yiwu.

Kuma ko ya yarda ko bai yarda ba, ki faɗa masa a fili cewa ba ki amince a sa sunanki ba, don zai iya sawa ba da saninki ba yana ganin ba-zata ce mai daɗi. Mujallu da yawa kan aika wa duk wanda ke jerin marubuta imel na tabbatarwa. In irinsa ya shigo miki, ki fara gaya masa ya gyara da kansa. In kwana biyu suka wuce bai gyara ba, ki amsa wa editan cewa an sa sunanki bisa kuskure, a cire.

Ki gaida Hajiya da jiki.

Antinki